Ƙwayoyin da Labbo Wanzami Ya Ɓoye a Ƙaho

Makon jiya ina zaune a bencin ƙofar asibiti ina jiran a auna mini jini, sai na ji biyu daga cikinku, ku sababbin da aka ɗauka aikin bin sawun masu ciwon ƙwaƙwalwa, kuna hira. Ɗaya yana cewa wannan ai ba aiki ba ne, hawa babur ne da shan iska: ka je gidan mutum, ka ce masa ya sha magani, ka danna waya, ka dawo. Da na tashi sai na biya kanti na sayi littafin rubutu da biro biyu, don kada ɗaya ya ƙare mini a tsakiya.

Sunana Bawa, amma daga Kaura har Shinkafi da Zurmi in ka ce Bawa ba lallai a gane ba. Sai ka ce Sau-Uku. An sa mini sunan ne saboda in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon har sau uku, haka murfin tankin babur, haka jakar magani. Firamare kawai na yi. Ban taɓa yi wa kowa allura ba, ban taɓa rubuta magani ba, kuma ba a ba ni izini ba. Aikina shi ne in nemo wanda bai zo ranar ganin likita ba, in kai wa na nesa maganin da aka rubuta masa, in dawo in faɗi abin da na gani. Shekara ashirin da 'yan kai na yi a kan wannan, kuma ban ga aikin da ya fi shi daɗi ba.

Da shara na fara. Sau ɗaya a wata likitan ƙwaƙwalwa kan zo mana daga Sakkwato, ni nake share ɗakin da zai zauna. Nas ɗin da ke riƙe da sashen, Sista Rakiya, Allah ya jiƙanta, ta lura cewa in na gama shara na fita sai in dawo in leƙa ƙarƙashin tebur. Ran nan ta ce, “Kai mai yawan komawa, zo nan. Ina da mutum goma sha biyu da suka ɓace mini, ina neman wanda ba ya gajiya da komawa. Ka iya babur?” Na ce na iya, amma a hankali. Ta ce a hankalin take so.

Fitata ta farko Zurmi ce, kuma ɓata ta na yi. Na sa farar rigar asibiti an goge ta da sitaci, na ajiye babur mai tambari a ƙofar gidan, na ɗaga murya na yi sallama na ce daga sashen masu taɓin hankali nake, ana neman wance. Akwai majalisa a gindin itacen bedi kusa da gidan, kowa ya juyo. Maigidan ya fito ya ce ba su da mai wannan suna, ya mayar da ƙyaure. Kusan shekara matar nan ba ta sake zuwa asibiti ba. Sista ba ta yi mini faɗa ba. Ta karɓi farar rigar ta ninke ta sa a durowa, ta ce, “Daga yau kai baƙo ne. Baƙon maigida.”

To ga kayan aiki, tunda kun ce waya ce kawai. Akwai tsohon buhu da nake rufe tambarin babur da shi, kuma a masallaci nake ajiye babur ɗin, in taka zuwa gidan. Akwai jakar fata irin ta malaman makaranta, maganin kowa a ledarsa, a cikin gwangwanin madara mai murfi saboda zafi da ruwan sama. Akwai ƙaramin littafi wanda ba sunan kowa a ciki, sai alamomin da ni da Sista kaɗai muka sani, domin littafi yakan faɗi a hanya. Sai goro. Goro ya fi duk sauran.

Sista ce ta koya mini goro. Ta ce in ka tambayi mutum yaya jiki zai ce da sauƙi ko da a kwance yake. Miƙa masa goro, ka kalli hannun da zai karɓa: yana rawa ko ba ya rawa. In zai raka ka, ka bar shi ya wuce gaba, ka ga ko hannuwansa suna lilo kamar na kowa ko sun manne a jiki. Ka yi masa wasa, ka ga ko fuskarsa ta motsa. Ka dubi wuyan rigarsa ko yawu ya jiƙa shi. Ka tambayi matarsa barci, shi ka tambaye shi gona. Wasu magungunan nan suna gyara tunani amma su sandarar da jiki, kuma mara lafiya ba zai faɗa maka ba, sai dai ya daina sha.

Kowane lokaci da nasa aikin. Kafin azumi nakan zagaye kowa da saƙon likita a kan yadda zai mayar da maganinsa sahur ko buɗa-baki, in ba haka ba rabin mutanena za su ajiye shi har sallah. Da damina nakan bi su gona. Makiyaya kuwa ba ka nemansu a ruga, sai ka je ka tarar da toka da turaku. Ranar kasuwa ake samunsu, a kara inda ake cinikin shanu, kuma ba a yi musu maganar a gaban 'yan'uwa. Na ga wanda aka kawo a ɗaure ya koma yana jan sallah a unguwarsu. Na ga mai tuyar ƙosai da ta shekara ba ta fita ɗaki ba ta dawo bakin kaskonta, har tana yi mini tsiya wai ina cin gyara. Irin wannan ne ya sa ban taɓa neman a sauya mini aiki ba.

Amma labarin da nake so ku riƙe na Labbo ne, wanzami a cikin garin Shinkafi. Shi ya ce in rubuta, har ya ce in ban rubuta daidai ba, zai aske mini gira.

Labbo gadon aska ya yi. Tun kakansa gidansu ke yi wa rabin unguwar askin suna. Ciwon ya same shi yana magidanci: ya daina barci, ya ce rediyon maƙwabta da shi yake magana. Aka kawo shi, aka ɗora shi a kan wata farar ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ya warware sarai. Duk wata ina zuwa. Mu zauna a zaurensa, matarsa Hassi ta aiko da fura, ya ɗauko gwangwaninsa in juye ƙwayoyin a kan hulata in ƙirga sau uku. Kullum daidai. Ban taɓa samun rarar ko ɗaya ba. Har misali nake yi da shi a wurin wasu. In na miƙa masa goro kuwa, da hannu biyu yake karɓa, na hagu yana tallafe da na dama. Na ce a raina mutumin nan akwai ladabi.

Sai aka shiga mummunar shekarar nan ta 'yan bindiga, wadda ba sai na ba ku labarinta ba, don kuna nan aka yi ta. Hanyar Kaura zuwa Shinkafi ta zama sai an yi tambaya kafin a hau. Ƙauyukan da na saba zuwa a ƙasar Zurmi suka watse, mutanena suka bazu, wasu har yau ban san inda suke ba. An hana ni fita da babur. Na koma bin tasha da sassafe, ina ba direbobin da na yarda da su gwangwani a naɗe cikin tsumma, in ce saƙon goro ne, sannan in bi da waya. In na kira Labbo in ce, “Saura nawa?” sai ya faɗa mini, in duba littafi, daidai.

Wata huɗu ban sa shi a ido ba, sai ga kiran Hassi.

“Malam, abin nan ya dawo. Kwana biyar ba shi barci. Jiya ya hita da aska a hannu, shina zagaya unguwa shina magana shi kaɗai.”

“Ya taɓa wani?”

“Wallahi ko kaza bai taɓa ba. Amma kowa ya gani.”

Na duba littafi. Na koma ɗakin magani na sa aka nuna mini kwalin, ko ya lalace. Na je tasha na tsare direban da tambaya har ya ce in ina zargin ya sha ne in zo in auna shi. Ranar Alhamis, da motocin kasuwa suka haɗu za su tafi a jere, na shiga ɗaya.

Na tarar da Labbo a ƙuryar ɗaki ya toshe taga da tsummoki. Ya gane ni, ya ce in yi magana a hankali ana saurare. Na ƙirga gwangwani, daidai. Ina zaune a zaure na rasa ta inda zan kama, sai Hassi ta fito da mayafinta ta ajiye mini zabirarsa, jakar fatar da wanzamai ke sa kayan aiki.

“Wagga jaka ba shi barin kowa shi taɓa ta. Yau na taɓa. Duba ƙahon.”

Ƙahon da ake yi wa mutane ƙaho da shi ne, an toshe bakinsa da auduga. Na zare audugar na karkata shi a kan hulata. Fararen ƙwayoyi suka zubo, suka cika hular har suna gangarowa.

Da taimakon ƙaninsa muka kawo shi Kaura. Ya yi mako biyu a kwance, hankalinsa ya fara dawowa, ranar zuwan likita ta zagayo. A lokacin wata matashiya ce ke zuwa mana, mai saurin magana da saurin dariya. Na juye mata ƙahon a kan tebur. Ta dubi ƙwayoyin, ta dubi Labbo. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta ce ya miƙe hannuwansa, ta ɗora masa fallen takarda a bayan kowane hannu. Takardar dama ta kama karkarwa har ta zame ta faɗi ƙasa.

“Malam Labbo, tun yaushe?”

“Tun watan da na hwara sha, ranki shi daɗe.”

Sai ya ba da labari. Akwai wani suna da ya je da farko-farko, ya ɗora aska a kan jariri hannun ya kama rawa, kakar yaron ta janye shi ta ce a bari sai an jima. Daga ranar, in an gaya masa suna, sai ya ajiye magani kwana uku kafin ranar, rawar ta ɗan lafa, ya yi askinsa, ya koma sha. Da can suna biyu ne ko uku a wata, abin bai nuna ba. Amma a shekarar nan mutanen ƙauye sun cika Shinkafi, kowane gida da baƙi, ana ta haihuwa, wanzamai kaɗan. Wannan suna bai wuce ba wani ya zo. Kwana ukun suka haɗe suka zama makonni.

Na ce, “To don me ba ka zubar ba? Don me ka tara?”

Ya dube ni kamar na yi saɓo. “In zubar? Bashi na hwa, Sau-Uku. Kamar azumin da ka sha. Jira nikai aiki shi yi sauƙi in rama su duka.”

Likita ta dafe kai. Ta ce, “Malam Labbo, magani ba a ramuwarsa. Wanda ya wuce ya wuce. Da ka haɗa waɗannan ka sha, da ba a nan muke zance ba.” Ta share ƙwayoyin ta zuba a durowa ta murɗa makulli. Na roƙe ta ta bar ni in taɓa in ji ko ya kullu.

Sannan na yi tambayar da na shekara da shekaru ina so in yi. Na ce, “Likita, maganin kai ne. Me ya kai shi hannu?”

Ta ce, “Baba, in baƙo ya zo gidanka da saƙo, yana faɗawa cikin gida?”

“Subhanallahi.”

“A ina yake tsayawa?”

“A zaure.”

Ta jawo takardar da ta faɗi ta fara zane. Zan faɗa muku yadda na gane, in na yi kuskure nawa ne. Ta ce ƙwaƙwalwa kamar gari ce, cike da ƙananan gidaje da ido ba ya gani, kuma tsakanin gida da gida akwai ɗan siririn lungu. In wannan gida zai yi wa wancan magana, sai ya saki wani sinadari ya tsallaka lungun, shi ne ɗan aike. Ɗan aiken ba ya shiga ciki. A zauren wancan gidan akwai mai karɓa, wani abu da ake kira furotin, an halicce shi daidai da wannan ɗan aiken, kamar kwaɗo da makullinsa. In ya karɓa sai ya juya ya taɓa wani furotin ɗin da ke tsakar gida, wannan ya taɓa na gaba, hannu zuwa hannu, har saƙo ya kai ƙuryar ɗaki. Akwai ma wanda aikinsa kawai ya ce an ji, ya isa haka, ya kashe maganar. Ta ce duk tunanin da na taɓa yi, da duk komawar da nake yi in taɓa kwaɗo, ta wannan hanyar suke bi.

Ta ce a irin ciwon Labbo, abin da ake zato shi ne a wata unguwa ta ƙwaƙwalwa saƙon wani ɗan aike mai suna dofamin ya yi yawa, har abin da ba komai ba ya zama babban labari, rediyon maƙwabci ya zama da kai yake. Maganin yana zuwa ya zauna a zaure ya tare wuri, saƙon ya ragu. To amma irin wannan zauren akwai shi a unguwar da ke kula da motsin hannu da ƙafa, magani kuwa bai san unguwa ba. In ya yi wa mutum yawa sai ya tare can ma, hannu ya kama rawa, jiki ya sandare.

Na ce, “Kin taɓa ganinsu da idonki?”

Ta yi dariya. “A'a. Masu bincike ne ke fama da su, kuma ba su gama sani ba. Ba abu ɗaya ke kawo ciwon ba, ba kuma zaure iri ɗaya ba ne. Amma wanda muka sani ya isa mu taimaki hannun nan.”

Labbo ya ce, “Ashe aikin Sau-Uku ne ake yi cikin kaina. Tsayuwa a zaure.”

Ban yi dariya ba a lokacin, domin ina lissafin watannin da na yi ina miƙa wa mutumin nan goro. Sista ta ce in kalli hannu. Na kalla, na ga hannu biyu, na kira shi ladabi, saboda ƙirgata ta fito daidai kuma na fi yarda da ƙirga. Na faɗa wa likita haka a gabansa. Ta ce to yanzu na sani.

Ta sauya masa magani zuwa wani iri, a hankali, tana rage wancan tana ƙara wannan. Ku lura, ita ta rage, ba shi ba, ba ni ba. Kada ranar da za ta zo ɗayanku ya ce wa mara lafiya ya raba ƙwaya biyu don ya ji labarin Labbo. Naku ku gani ku kawo rahoto. Da hanya ta ɗan yi dama na koma zuwa Shinkafi duk mako biyu, da goro da fallen takarda. A wata na uku takardar ta kwanta a bayan hannunsa kamar an manna ta. Barci ya dawo, ya cire tsummokin taga, ya yi ƙiba har Hassi tana ƙorafin tuwo.

Sai dai ba mai kiransa. An ga mutum da aska a hannu yana magana shi kaɗai, wa zai miƙa masa kan ɗan kwana bakwai? Ko manya sun koma shagon aski na inji. Ya wasa asakensa ya jera, ya zauna a rumfarsa ta kasuwa daga safe har la'asar, sai dai a gaishe shi daga nesa. Ran nan ya ce mini, “Da ciwon da lahiyar duk ɗaya, tunda zabira na rataye.” Wannan magana ita ce mafi haɗari a aikinmu. Mutumin da ya ga lafiya ba ta dawo masa da komai ba, ba ya daɗewa yana shan magani.

Ranar Alhamis ta gaba, kasuwa ta cika, na cire hula na zauna a tabarmarsa na ce a yi mini aski. Na kawo sabuwar reza a takardarta, na sa ya buɗe a gabana. Mai shayin da ke kusa ya ce, “Jama'a ku zo ku gani, Sau-Uku ya ba da wuya!” Aka taru ana dariya. Ya aske ni tas, ko ƙwarzane babu. Alhamis ta biyu na koma. Ta uku ma na koma.

Ya shafa kaina ya ce, “Mi zan aske nan? Ba komi sai hwata.”

“Ka bi ta kai dai.”

“Wanga ba aski ba na, wanke ƙwarya na.”

Mutum biyu-uku suka fara zama, tsofaffi. Amma suna, ko ɗaya.

A wannan tsakanin 'yata Hadiza, wadda ke aure a Shinkafi, ta dawo gida Kaura haihuwar fari, ta sami namiji. Na ce wa mai ɗakina Larai na gaya wa wanzami. Ta ce wanne? Na faɗa mata. Ta ajiye muciya.

“Kai? Kai da ba ka barin a ɗora wa yaron nan hula sai ka juya cikinta ka duba kunama?”

“Na duba shi. Sau uku. Da kaina.”

“Kanka ai ba asara.”

Hadiza ce ta raba gardamar daga cikin ɗaki. Ta ce, “Inna, in Baba ya ce ya duba, wallahi ya duba. Ki bar shi.”

Ranar suna dangin miji suka zo daga Shinkafi mota biyu. Aka raɗa suna, aka yanka rago, rana ta ɗan ɗaga, sai ga Labbo ya yi sallama, da farar riga da zabira a kafaɗa. Na ga fuskokin baƙi sun sauya. Surukar Hadiza, Hajiya, wadda a unguwarsu Labbo ya yi zagayen nan, ta aiko a kira ni bakin ƙofar tsakar gida.

“Malam Bawa, ka san ko wane ne wanga?”

“Na sani, Hajiya. Na fi kowa sani.”

Sai ta ce, “Kai ne aka ce ka koma daga rabin hanyar Zurmi don ka duba ko ka kashe fitila?”

“Ni ne. Kuma a kashe take.”

“To. Ni zan riƙe yaron.”

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa. Hajiya ta zauna ta rungume jaririn. Na ce wa Labbo aski kawai, ban da cire hakin wuya, ban da tsaga, ya ce ya ji tun shekaranjiya, ya ji jiya, yanzu ma ya ji. Ya wanke hannu da sabulu, ya ɓare sabuwar reza, ya yi bisimilla. Ni aka ba ƙwaryar ruwan ɗumi in riƙe. Tsakar gidan ya yi tsit, har masu daka suka tsaya da taɓare a hannu. Ya jiƙa gashin, ya tallafi ƙeyar da yatsu uku, ya fara daga goshi. Gashin yana sauka a hankali, baƙi, laushi kamar auduga. Yaron ko motsi bai yi ba, barcinsa yake yi.

Ya kai rabi sai ya tsaya. Ya dubi gwiwarsa, ta jiƙe sharkaf. Ya dubi ƙwaryar da ke hannuna, ruwan yana ta tsalle yana zuba.

Ya ce, “Don Allah a karɓe ƙwaryar ga daga hannun mutumin ga. In likita ta zo a kai mata shi, a ɗora mishi takarda.”

Hajiya ce ta fara fashewa da dariya, har sai da Labbo ya ce ta tsaya cik ko ta ba wata yaron. Larai ta karɓi ƙwaryar. Ya ƙarasa askin, kan ya fito sumul yana sheƙi, wata ta rangaɗa guɗa. Kafin a gama rabon nama na ji Hajiya tana gaya masa matar ɗanta na biyu ta kusa haihuwa, kada ya yi nisa.

Yanzu na ajiye aiki, babur ɗin yana hannun ɗayanku, kuma na lura ba a rufe tambarin. Ku nemi buhu. Ni kuwa har yau in na je Shinkafi ganin jikana sai na biya rumfar Labbo, in na same shi, don sau da yawa yana gidan suna. Ba ya jira in tambaya. Yana ganina zai buɗe zabira ya ce, “Zo ka yi abinka.” In leƙa cikin ƙahon, in karkata shi, in sake leƙawa. Sannan in miƙa masa goro, ya karɓa da hannu ɗaya.